Tsaga Sittin da Huɗu

Shafi na 17

Masu turo mini saƙo tun asuba wai na bar Rahina tsaye a rana, ku yi haƙuri, wayar ce ta ƙi ɗaukar caji. Ke kuma da kika ce za ki biyo ni har gida ki karɓi shafin nan da hannunki, zauna inda kike, ga shi ya zo. Bismillah.

*

Tun daga bakin kasuwa Rahina ta hango shi. Ja ne, an wanke shi an shafe, yana ɗaukar ido a ƙofar rumfar dillalin. Ba ta san lokacin da ta bar Kawu Nomau a baya ba.

"Kawu, shi ne wannan. Shi na gaya maka jiya."

"Na gan shi."

"Dubi kontar ɗinsa. Kilomita dubu tara kacal. Ai sabo ne."

"Na ce na gan shi, Rahina."

Wanda ya san Kawu Nomau ya san wannan "na gan shi" ɗin ba yabo ba ne. Shekara talatin yana gyaran moto a unguwar Kara-Kara, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa jin ya yabi abu mai ƙyalli ba, ko da takalmin sallah ne.

Amma yau Rahina ba ta ji ba ta gani. Yau Asabar. Litinin da ƙarfe takwas dole ta kasance a Takieta a kan motonta na kanta, in ba haka ba shef ɗin froje, wato shugaban shirin, ya miƙa aikin rigakafin dabbobi ga wanda ke bin ta a lista. Ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: aikin na ƙauyuka ne, ba moto ba aiki. Abin da ke ƙulle a jakarta kuwa na moto ɗaya ne, babu na gyara. In ta sayi ruɓaɓɓe, ta sayi zaman gida.

Kuma da kyar Inna Delu ta yarda. Tun ranar da Baba Yakuba ya hau motonsa ya nufi arewa wajen haƙar zinariya, shekara takwas ke nan ba shi ba labarinsa, Inna ba ta ƙaunar ta ji ƙarar moto a ƙofar gida. Sharaɗi ɗaya ta kafa wa 'yarta: yayanta Nomau ne zai zaɓa.

"Lale marhabin da manyan baƙi." Dillalin ya fito yana gyara hula. Ɗanƙarami ake kiransa, Bakano ne, kuma duk wanda ya raɗa masa sunan nan bai ga ƙarshen girmansa ba, don sai ya karkace yake fita ƙofar rumfar. "Hajiya, kin dawo. Na ce miki babur ɗin nan naki ne. Mutum uku na kora saboda ke."

"Allah ya saka," in ji Rahina, bakinta ya ƙi rufuwa.

"Wata ma'aikaciyar banki ce ta hau shi. Gida zuwa ofis, ofis zuwa gida. Ko ruwan sama bai taɓa dukansa ba."

Kawu ya matsa kusa da moton. Ya tsuguna, ya ɗora bayan hannunsa a jikin injin.

"Da ɗumi."

"Rana ce, Baba."

"A inuwa yake."

"To, na ɗan tayar da shi ne da safe, don kada ku wahala."

"Ka kyauta. Ni kuwa da sanyinsa na so in same shi. Moto kamar mutum ne, in kana son sanin lafiyarsa, ka je masa lokacin da ya tashi daga barci."

Rahina ta ɗan taɓa hannun rigarsa. "Kawu, don Allah."

"Tayar mini da shi."

Ɗanƙarami ya taka kik sau ɗaya, injin ya kama, shiru-shiru, lafiya lau. Rahina ta ji wani daɗi ya ratsa ta har tafin ƙafa. Ta riga ta ga kanta a kan gudron, wato kwaltar Takieta, akwatin allura ɗaure a baya, mayafi na kaɗawa, matan unguwa na leƙowa ta katanga.

Kawu ya zaro doguwar turnabis, wato sukundireba, daga aljihu. Ya dafa bakinta a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. Ya daɗe a haka.

"Kashe."

Ya kwance murfin mai, ya tsoma yatsa, ya ɗaga. Man ya biyo yatsan yana jan zare, bai ɗiga ba.

"Rahina, zo. Mene ne wannan?"

"Baƙin mai."

"Man giyar babbar mota ne. Mai kauri. Ana zuba wa inji in ya fara surutu, don ya yi shiru ranar kasuwa. Ki hau shi zuwa Takieta ya yi zafi, za ki ji duk abin da yake ɓoyewa."

"Haba Baba," in ji Ɗanƙarami, "ai mai kowa da irin wanda yake so."

"Ita ma'aikaciyar bankin, nawa ne nauyinta?"

"Ban gane ba."

"Dubi robar matakin ƙafa. Ta cinye har ƙarfe ya fito, hagu da dama. Dubi na baya ma, na fasinja. Wace ma'aikaciya ce take goyon mutum safe da yamma har roba ta ƙare?" Ya sunkuya bayan fitila, ya nuna da bakin turnabis. "Ga kusoshin kontar, duk an ƙwarzane kawunansu. An buɗe an mai da hannun agogo baya. Wannan ɗan kabu-kabu ne ya gama tatse shi, aka yi masa wanka aka shafa masa hoda."

Mutanen da ke rumfar mai shayi ta gefe suka fara miƙo wuya. Ɗanƙarami ya cire hula ya share goshi.

"Wallahi haka aka kawo mini shi."

"Ban ce kai ka yi ba. Ban kuma ce ba kai ba ne."

Rahina ta tsaya tana kallon jan moton. Har yanzu kyakkyawa ne, shi ne abin haushin. Kyan ɗan maciji. Idonta ya ciko, ba don moton ba, don Litinin.

"Kawu, to yanzu fa? Duk kasuwar nan na zaga jiya. Sauran sun fi ƙarfina."

"Mai nema yana tare da samu. Wancan na ciki fa?"

Can ƙuryar rumfar, bayan tulin tayoyi, wani moto ne jingine. Tankinsa baƙi, murfin gefensa shuɗi, madubi ɗaya. An yi wa sirdinsa sabuwar riga da fatar akuya, irin ɗinkin dukawa.

Ɗanƙarami ya yi dariya, ya samu abin da zai huce a kai. "Wannan? Baba, wannan ai kakan babura ne. Ko mita ɗinsa ban taɓa ba, don ba wanda zai yarda."

Ya ankara da abin da ya faɗa bayan ya riga ya fita. Rumfar mai shayi ta kwashe da dariya.

Rahina ta leƙa kontar ɗin, ta ja da baya.

"Dubu casa'in da shida, Kawu."

"Madalla."

"Madalla? Wannan ai ya zagaye duniya ya dawo."

"Ya dawo ɗin ai. Shi ne abin dubawa. Fito mini da shi."

Aka turo shi waje. Kawu ya dafa injin, sanyi ƙalau. Ya taka kik da kansa. Sau ɗaya. Moton ya yi tari guda, ya gyara murya, sannan ya kama bugawa a hankali, daidai-daidai, ba gaggawa. Kawu ya tara farin hankicinsa a bakin salansa, ya ƙirga goma, ya duba. Fari ya shiga, fari ya fito.

Ya sa turnabis a kunne.

A nan ne Rahina ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta. Kawu Nomau yana murmushi a gaban moton wani.

"Zo ki ji."

Ta manna kunne. Da na jan ta saurara haka, da ta ji can ƙasa akwai wani ƙas-ƙas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Wannan kuwa babu. Bugu ne kawai, mai tsabta.

"Kilomita ba ta kashe moto, Rahina. Mai shi ke kashe shi. Na ga na dubu ashirin da ya zama gawa, na ga na dubu ɗari da ke kai buhun gero Mirriya ya dawo. A ba shi mai a kan lokaci, a wanke masa matatar iska, a ja masa sarƙa, kada a ɗora masa abin da jaki zai ƙi. Shi ke nan. Mai wannan yana son abinsa."

"Zai kai ni Takieta?"

"Zai kai ki ya dawo da ke har ki gaji da aikin ki yi aure."

"Kai Kawu."

Dariya take, tana zagaya moton, tana shafa tankin da ɗazu ta raina. Yanzu har madubi ɗayan ya yi mata kyau. Ai mai ido ɗaya ma sarki ne a garin makafi, in ji zuciyarta. Za ta saya masa na biyu, ta ɗaura masa akwati, ta sa a rubuta masa wani abu a bayan lamba.

"Saura abu ɗaya," in ji Kawu. "Ɗaga sirdi."

Ku da kuke bin labarin nan tun farko kun san ɗabi'ar Kawu. Ga sababbin zuwa: duk moton da ya yi wa juyen mai, sai ya ɗaga sirdi ya ɗauki magagari ya yi tsaga ɗaya a jikin ƙarfen da ke ƙasa. Bidanji ɗaya, wato juyen mai ɗaya, tsaga ɗaya, duk kilomita dubu da ɗari biyar. Ya ce takarda tana ɓata, kontar tana ƙarya, ƙarfe ba ya mantuwa. Shi ya sa duk moton da ya taɓa, sai ya leƙa wurin, ko da tsohon sani ne.

Ɗanƙarami ya kawo kile, wato sufana, aka kwance. Kawu ya goge ƙarfen da hankici.

"Ikon Allah. Ka ga ɗan gida."

Tsage-tsage ne jere, ƙanana, kamar haƙoran mataji, sun cika ƙarfen dama sun tsallaka na hagu.

"Hannuna ne wannan. Ya taɓa zama a garejina." Ya sa farcen babban yatsa yana bi yana ƙirgawa a fili, cike da jin kai, 'yan shayi na taya shi. "Goma sha takwas. Goma sha tara. Ashirin."

Ya tsaya.

Farcen bai matsa ba. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali.

"Kawu?"

Idonsa na kan ƙarfen.

Rahina ta sunkuya ta duba inda farcen yake. Ta ashirin da ɗaya ba irin sauran ba ce. An fara ta a karkace, magagarin ya zame, aka sake yin wata a kanta, suka gicciye.

Ta san ta.

Tana da shekara goma sha uku. An aike ta kai abinci gareji, ta tarar ana yi wa moton Baba juyen mai, gobe zai yi tafiya. Ta nace sai ita za ta yi tsagar. Kawu ya hana, Baba ya ce a bar ta. Magagarin ya zame ya yanke ta a yatsa, ta yi kuka, Baba ya tsotse jinin ya ce ai tata ta fi ta Kawu kyau, ko a cikin dubu zai gane ta.

Ta dubi ɗan yatsanta na hagu. Tabon na nan.

"Kawu," muryarta ta fito siririya, "moton Baba ja ne."

"An canja tanki."

"Sirdinsa baƙi ne."

"An yi masa riga."

"To, wataƙila sayar da shi ya yi tun can. Ko kuma bayan ya..." Ta kasa ƙarasawa. Shekara takwas ba wanda ya ƙarasa wannan maganar a gidansu.

Kawu ya girgiza kai. Ya nuna mata ƙarfen.

"Dubi na bayan taki. Nawa sun kwanta dama. Waɗannan fa?"

"Hagu."

"Duka. Hannu ɗaya ne ya yi su, kuma bahago ne. Mutum nawa kika sani da ya san tsagar nan, kuma yake riƙe magagari da hagu?"

Mutum ɗaya ta sani. Da hagu Baba yake riƙe komai in ban da cokali.

Kawu ya ci gaba da ƙirga, yanzu a ciki-ciki.

"Sittin da huɗu. Ashirin nawa, ɗaya taki, arba'in da uku nasa. Bai tsallake ko ɗaya ba, lissafin ya yi daidai da kontar." Ya dangwala ta ƙarshen. "Wannan ko tsatsa ba ta yi ba. Ba ta kai sati biyu ba."

Rahina ta zauna a kan taya. Murna ce, tsoro ne, haushi ne, ita kanta ba ta san wanne ya fi yawa ba. Yana da rai. Sati biyu da suka wuce yana da rai, yana tsugune da magagari a hannu.

Kawu ya miƙe ya juya kan dillalin.

"Wa ya kawo maka shi?"

"Baba, ni fa ba na sayen kayan sata. Da takardunsa."

"Kawo karti giris, takardar da ke da sunan mai shi."

Ɗanƙarami ya shiga ya fito da wata leda da aka naɗe da roba. Takardar ta tsufa har ta yi laushi kamar tsumma. Kawu ba ya karatun boko, ya miƙa wa Rahina. Ba ta buƙatar karantawa, amma ta karanta, a fili.

"Yakuba Garba. Kara-Kara."

"Shi da kansa ya kawo?" in ji Kawu.

"Da kansa, shekaranjiya. Dogo, siriri, gemunsa ya yi fari. Yana ɗan jan ƙafa ɗaya. Ba ya son magana."

"Daga ina?"

"Ya ce gadin wani lambu yake yi a Mirriya. Shekara biyu ke nan."

"Mirriya," in ji Kawu.

Ya sake faɗa, kamar bai taɓa jin sunan garin ba.

"Mirriya. Ƙanwata tana nan tana zaman da ba na aure ba ba na takaba ba, shi yana Mirriya yana gadin mangwaro. Ya yi kilomita dubu sittin da wani abu a kan moton nan, goma sha takwas ɗin da ke tsakanin Mirriya da nan ne suka gagare shi."

"Kawu, ka ji an ce yana jan ƙafa."

"Da ƙafa ake hawa gudron? Ya tuna da mai sau arba'in da uku. Sau nawa ya tuna da ku?"

Wannan ta shige ta. Ta sunkuyar da kai.

Kawu ya mayar da sirdin ya buga shi da tafin hannu. "Tashi mu tafi. Ba za ki hau shi ba. Uwarki ta ji ƙarar injin nan a ƙofar gida, za ta gane shi kafin ki kashe."

"Litinin fa?"

"Allah ya kawo wani."

"Kai ka ce ba wani. Kai ka ce wannan zai kai ni ya dawo da ni." Ta miƙe tsaye, tana share fuska da bakin mayafi. "Inna ta ce kai za ka zaɓa, ka kuwa zaɓa a gaban mutane. Ni shi nake so. Da tsagata a jikinsa."

Suka tsaya suna kallon juna. Taurin kan gidan ɗaya ne, kowa ya san inda ta gado shi.

Ɗanƙarami ya yi gyaran murya.

"Hajiya, akwai fa wata magana. Ko kin biya yanzu ba zan iya ba ki shi ba."

"Saboda me?"

"Mai shi ya kafa sharaɗi. Ya ce ba ɗan acaba, ba mai dakon kaya. Kuma ba zai sa hannu a takardar ciniki ba sai ya ji muryar mai saye, ya tambaye shi yadda zai riƙe shi. Ni tun da nake dillanci ban taɓa ganin ana neman auren babur ba."

"Kana da lambarsa?"

"Ina da ita."

"Rahina," in ji Kawu.

"Kira shi."

Ɗanƙarami ya dubi Kawu, ya dubi Rahina, ya ga wadda ta fi zafi. Ya danna, ya sa a lasifika.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. A ta uku aka ɗauka.

"Salamu alaikum. An samu?"

Muryar ta dushe, ta tsufa. Amma ita ce. Rahina ta kama hannun moton. Kawu ya juya baya yana kallon bango.

"An samu, Malam. Makanike ma aka zo da shi, ya duba ya yaba."

"Wane ne mai sayen? Na faɗa maka, in yaro ne mai gudu..."

"Mace ce. Aikin allurar dabbobi za ta yi da shi a ƙauyuka."



"Mace. To, ba laifi, sun fi mu tattali. Ba ta in yi mata bayani."

Wayar ta zo hannun Rahina, da nauyi kamar turmi.

"Baiwar Allah, kina ji na? Tsoho ne amma ba ya ƙarya. Duk dubu da ɗari biyar ki yi masa bidanji, kada ki ƙara ko ɗaya. In kin ɗaga sirdi za ki ga wasu tsage-tsage, ki ci gaba daga inda na tsaya. Akwai wata guda da ta gicciye. Don Allah ita kada ki bari a goge ta ko a shafa mata fenti. Kin ji? Baiwar Allah?"

Ta kai wayar kusa da bakinta.

"Na gan ta, Baba. Ni na yi ta."



Ba a kashe wayar ba. Tana jin numfashinsa, tana jin hayaniyar kasuwa a bayansa, da wani mai kura yana ihun a ba shi hanya.

Mai kurar nan kuwa ga shi yana wucewa ta gabanta, yana ihun nan da take ji a wayar.

Sai ta ji kofin shayi ya faɗi ya fashe, a cikin wayar, da kuma bayan zanan wata rumfa nan kusa da ita.

Rahina ta juya.